Yatsan Baba Ilu

Saƙon ya shigo wayar jikansa bayan lisha:
buhu biyu na taki, kwalbar maganin feshi,
da irin alkama.
Rabin kuɗi naka, rabi na gwamnati.
Baba Ilu ya sa aka karanta masa sau uku
kafin ya ce, "To. Allah ya sa da gaske suke."

Tunkiya mai ciki ya kai kasuwa
don ya haɗa nasa rabin.
Dillali ya san dalili, ya karya mata daraja.

Asuba ta same mu a hanyar Auyo,
ni na tuƙa, shi a bayan kekena,
kuɗin a ɗaure cikin lalita, lalita cikin 'yar shara.
Layi ya riga mu isa,
ya zagaye darbejiya har ya ciji wutsiyarsa.
Akwai masu faso a dunduniya irin namu.
Akwai masu shadda mai amon guga
da taɓon fadama bai taɓa shiga farcensu ba.
Su ba sa layi.
Ƙofar baya ta san ƙamshin turarensu.

Sai da azahar ta gota aka kira shi.
Yaron da ke riƙe da na'urar
ɗan Tabawa ne mai ƙosai;
Baba Ilu ya ci goron sunansa.
"Baba, ɗora babban yatsa."
Ya ɗora. Wuta ta kawo ja.
"Goga shi a riga."
Ya goga. Ja.
"Ɗan lasa, ka sake."
Dattijo ya lashi yatsa a gaban jama'a.
Na dama, na hagu, har ƙaramin,
goma cif,
na'ura ta ce ba ta san mutumin nan ba.

Ina za ta san shi?
Zanen da Allah ya yi masa a yatsa
ya daɗe da raba shi:
kaɗan a ƙotar fartanya,
kaɗan a igiyar jigo, tun kafin zuwan inji,
saura a jikin lauje.
Shekara hamsin yana sa hannu
a takardar da ba a kai ofis.

Yaro ya sunkuyar da kai.
"Wallahi ba ni ba ne, Baba.
Sai an gyara daga Dutse. Ka dawo wani mako."
Alkama kuwa ba ta san wani mako ba,
sanyi take bi, in ya wuce ya wuce.

A bakin titi, inuwar rumfar Alhaji Nababa,
muka tarar da buhunan sun riga mu fitowa,
an jera su kamar amare, da hatiminsu.
Kuɗin tunkiya ya sayi ɗaya.
Ɗaya tak, da ciko daga aljihuna.
Muna ɗaurewa a keke ya nuna rubutun da haɓa:
"Kai da ka yi boko, me aka ce nan?"
Na ce, "An ce ba na sayarwa ba ne."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Taki ya hau keke, mu muka taka.

Da daddare rediyo ta ce
tallafi ya isa hannun kowane manomi,
ta kawo lissafi, dubu kaza da ɗari kaza.
Ban sani ba ko da shi a ciki.
Ina zaton da shi.

Washegari na iske shi a fadama
ya saki ruwa a fangali,
yana barbaɗa takin da tsinin yatsu
kamar mai sa gishiri a miyar baƙi.
Ya durƙusa ya gyara bakin kwami,
ya dafa laka zai tashi.

Da ya ɗaga hannu na duba wurin.
Ta karɓa, tun a karon farko.